In An Ɗaure Ƙafar Zumunta

Ranar 11 ga Maris, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar korona a matsayin annobar da ta game duniya. Kafin watan ya ƙare, umarni ɗaya ake ji daga gwamnatoci: kowa ya zauna a gida, ya wanke hannu, ya rufe hanci da baki. Yawancinmu abin ya zo mana baƙo, muka yi ta gunaguni. Amma akwai wasu bayin Allah da umarnin bai zo musu da wani sabon abu ba, domin shekara da shekaru haka suke rayuwa. Su ne masu ciwon ƙoda da ke yi wa kansu wanki a gida ta hanyar zuba ruwa a ciki. Sau huɗu a yini suke rufe ƙofa da taga, su sa takunkumi, su wanke hannu kamar likitan da zai shiga tiyata. Da annoba ta sauka, sai aka dube su aka ce waɗannan kam suna cikin rufin asiri, a mai da hankali kan wasu. Tambayar da muke so mu tsaya a kanta ita ce: in mun nesanta mutum da haɗari, mun sauke nauyinsa da ke kanmu ke nan?

Bari mu fara da yadda wankin yake, tunda ba kowa ya san shi ba. Wankin ƙoda da aka fi sani a wurinmu shi ne na inji: a je asibiti sau uku a mako, a zauna kimanin awa huɗu, jini ya fita ta tiyo, inji ya tace shi ya mayar da shi jiki. Ɗaya hanyar kuwa ba ta fitar da jini. Akwai wani tantani siriri da ya lulluɓe hanji da bangon ciki, cike da ƙananan hanyoyin jini. Likita zai yi ƙaramar tiyata ya dasa wani tiyo mai laushi kusa da cibiya, a bar bakinsa a waje. Ta nan ake zuba ruwan magani mai sikari, kimanin lita 2, a bar shi ya zauna awa huɗu zuwa shida. Dattin jini da ruwan da ya yi wa jiki yawa sai su tsattsafo ta tantanin su gauraya da shi, sannan a tsiyaye shi a zubar, a zuba sabo. Kowane sauyi yana cin kamar rabin awa, kuma babu ranar hutu, ba Juma'a ba Lahadi. Mai hali yana iya samun ɗan ƙaramin inji da zai yi masa aikin da dare yana barci.

Dabarar ta daɗe. Wani likita Bajamushe, Georg Ganter, ya gwada ta a jikin mutum a 1923. A 1968 Henry Tenckhoff ya fito da tiyon da ke iya zama a ciki tsawon shekaru, wanda har yau da sunansa ake kiransa. A 1976 kuma Robert Popovich da Jack Moncrief na jihar Texas a Amurka suka tsara yadda mutum zai riƙa sauya ruwan da hannunsa, ya ci gaba da harkokinsa. A yau kusan ɗaya cikin goma na masu wankin ƙoda a duniya ta wannan hanya suke yi. Hong Kong ta mai da ita hanyar farko tun 1985, har ta kai mafi yawan masu wankin ƙoda a can a gida suke yi. Tailan ta bi sahu a 2008, Meziko ta daɗe da dogara da ita, Sudan ma ta kafa nata shirin na ƙasa a 2005. Gwamnatoci suna son ta don ba ta buƙatar gine-gine da injuna da ma'aikata masu yawa. Marasa lafiya da dama suna son ta don tana barin mutum a garinsu, a shagonsa ko a ajinsa, ba ya raba makonsa tsakanin gida da gadon asibiti.

Da korona ta zo, bambancin hanyoyin biyu ya fito fili. Mai wankin inji ba shi da damar zama a gida, in ya tsallake wanki na kwanaki ransa ne a kai. Dole ya shiga mota sau uku a mako, ya zauna ɗaki ɗaya da wasu marasa lafiya masu raunin garkuwar jiki irinsa. Alƙaluman Turai na zangon farko sun nuna kusan ɗaya cikin biyar na masu wankin ƙoda da suka kamu ya rasu cikin wata guda. A Ingila da wasu ƙasashe an ga masu wanki a gida ba su kamu kamar masu zuwa asibiti ba. Ƙungiyar likitocin wannan fanni ta duniya ta ba da shawara a watan Maris ɗin cewa a rage musu zuwa asibiti, su tanadi kayan aiki na aƙalla mako biyu, a riƙa duba su ta waya. A watan Afrilu, da injuna suka yi ƙaranci a New York saboda yawan masu korona da ƙodarsu ta tsaya, asibitoci irin su Bellevue sai suka koma ga wannan tsohuwar hanya ta zuba ruwa a ciki don ceton rai.

Saboda haka shawarar da likitoci suka yanke daidai ce, ba mu da ja a kanta. Rigakafi ya fi magani, kuma nesa da asibiti a wancan lokaci rigakafi ne. Inda muke so a ƙara duba shi ne kalmar "gida". In an ce mai lafiya ya zauna a gida, hutu aka ba shi daga duniya. In an ce mai wankin ciki ya zauna a gida, asibiti guda aka ɗauko aka ajiye a ɗakinsa: shi ne nas, shi ne mai kula da sito, shi ne mai shara, shi ne kuma wanda zai fara gane in abu ya lalace. Kafin annoba yana ɗauke da wannan kaya, amma da hannaye da yawa a ƙarƙashinsa. Annoba ta janye hannayen ɗaya bayan ɗaya, kayan kuwa yana nan yadda yake.

Hannu na farko shi ne na mai kawo ruwa. A yi lissafi: lita 2 sau huɗu, lita 8 ke nan a yini, lita 240 a wata, cikin leda 120. Nauyinsu ya kusa na buhun shinkafa biyar, ban da marufi da auduga da maganin goge fata. Ruwan nan ba a haɗa shi a kicin, masana'anta ce ke yinsa, jirgi ko babbar mota ta ɗauko, wani ya shigo da kwalaye har ɗaki. Birnin Wuhan ya yi kwana 76 a rufe, daga 23 ga Janairu zuwa 8 ga Afrilu, 2020. Mutumin da ransa ke rataye da kwalaye, in an rufe hanyoyi, da wane ido zai riƙa kallon kwalayen suna raguwa a kusurwar ɗaki? Ko da ruwan bai taɓa yankewa ba, ƙirga ledar da ta rage kowace safiya ciwo ne mai zaman kansa, kuma ba a rubuta shi a katin asibiti.

Hannu na biyu shi ne na nas. A lokacin zaman lafiya mara lafiya yana zuwa asibiti bayan wata ɗaya ko biyu, a ɗebi jini, a duba bakin tiyo, a danna ƙafa a ga ko ta kumbura. Wani lokacin a kai masa ziyara gida a ga yadda yake haɗa leda da tiyo, domin hannu yana yin sakaci in ya saba, mutum ya fara tsallake wani mataki bai ankara ba. Waya da bidiyo sun yi amfani ƙwarai, sun hutar da mutane tafiya mai nisa, har wasu suka fi son su. Sai dai labarin zuciya a tambayi fuska. Wanda aka kira aka ce "ya jiki?" zai ce "da sauƙi", don haka aka tarbiyyantar da shi, ko a Hong Kong yake ko a Kano. Nas ɗin da ke gabansa za ta ga idonsa ya faɗa, ta ga wandonsa ya yi masa yawa. Irin wannan wanki yana fitar da sinadarin gina jiki tare da ruwan, don haka sai mutum ya riƙa cin ƙwai da kifi da nama. Wanda kulle ya tsayar masa da sana'a, ba zai faɗa a waya cewa ya rage cin nama ba.

Abin da mai wankin ciki ya fi tsoro shi ne ƙwayar cuta ta bi tiyo ta shiga tantanin. Alamarta ta farko ruwan da ya fito ya yi gurɓi maimakon ya fito garau, sai ciwon ciki ya biyo baya. In an hanzarta, maganin kashe ƙwayoyin cuta ake zubawa a cikin leda, sau da yawa a warke ba tare da an kwanta ba. In an yi jinkiri, ana iya cire tiyon, tantanin ya lalace, mutum ya koma wankin inji, ko ma abin ya kai ga rasa rai. To a sa kai a matsayin wanda ya ɗaga leda da tsakar dare ya ga kamar ta yi gurɓi, a lokacin da rediyo ke cewa asibiti ya cika da masu korona, kuma an riga an gaya masa cewa irinsa in suka kamu abin yana tsanani. Zai tafi ko zai jira gari ya waye ya sake dubawa? A ƙasashe da yawa an ga yadda masu ciwon zuciya da shanyewar jiki suka ƙaurace wa asibiti saboda tsoro. Saƙon "kada ka zo sai ta kama dole" ya ɗora wa mara lafiya alƙalancin da ko likita sai ya yi gwaji kafin ya yanke shi.

Hannu na uku ba a cika ambatonsa ba, na mai jinya ne. Tsoho mai rawar hannu, ko wanda ciwon sikari ya taɓa masa ido, ba zai iya haɗa tiyo da kansa ba. Matarsa ce ke yi, ko 'yarsa, ko surukarsa, sau huɗu a yini, ba albashi, ba mai karɓarta. Da can akwai 'yar'uwa da ke zuwa ta riƙe mata kwana biyu ta huta. Da kulle ya zo, ita kaɗai ta rage, kuma ita ce mai zuwa kasuwa, don haka ita ce ƙofar da cuta za ta iya shigowa. Tana tsoron ta kamu, tana tsoron ta shafa masa, tana tsoron in an killace ta babu wanda ya iya aikin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma a gidaje da yawa hannu ɗaya ne ya ɗauke ta tsawon watanni, kuma a takardun hukuma an rubuta cewa mara lafiya yana kula da kansa.

A nan ne muke ganin ainihin matsalar. Asibiti, da ma al'umma, wanda ya zo ƙofa suke ƙirgawa. Wanda ya cika gado, ko ya yi kuka a layi, shi ake gani. Wanda ya yi shiru a ɗakinsa sai a sa shi a sahun masu lafiya, alhali shiru yana da ma'ana da yawa: akwai na lafiya, akwai na kunya, akwai na tsoro, akwai na wanda ya ga likitoci sun gaji ya ce kada ya ƙara musu. Mutumin kirki ne ya fi faɗawa cikin na ƙarshen. Tsarin da ke jiran sai an yi ƙara kafin ya motsa, masu kawaici yake hukuntawa saboda kawaicinsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, gaskiya ne, amma wannan ba hujja ba ce ta ƙin tambayarsa.

Wani zai ce wannan magana ce ta wanda bai ga ɗakin masu numfashi da inji ba. Lokacin da ake kwashe ma'aikatan jinya daga kowane sashe ana kai su inda mutane ke mutuwa cikin awoyi, ina lokacin kiran wanda ke zaune lafiya a gidansa? Maganar tana da nauyi. In hannu ya yi kaɗan, dole a fara da wanda ya fi kusa da halaka, kuma ba mu ga laifin wanda ya yi haka ba. Sai dai akwai bambanci tsakanin jinkirta mutum da mantawa da shi. Wanda aka jinkirta an san sunansa, an gaya masa dalili, an ba shi lambar da za a ɗauka in ya kira, an sa ranar da za a dawo kansa. Misali daga Amurka ya nuna yadda mantuwa ke shigowa ba da mugun nufi ba. A watan Maris na 2020 aka ce a dakatar da tiyatar da ba ta gaggawa ba, sai wasu asibitoci suka sa dasa tiyon wankin ciki a cikin abin da za a ɗage. Sakamakon haka, wanda zai iya fara wanki a gida sai ya koma layin inji, wato inda ake gudu. Sai da hukumar inshorar lafiya ta gwamnatin tarayya ta fito ta fayyace cewa wannan tiyata ta dole ce.

Wani kuma zai zo ta wata fuskar ya ce muna raina waɗannan mutane. Da yawansu su suka zaɓi wanki a gida don kada a mai da su abin tausayi. Sun ƙware, wasu sun fi sabon likita sanin jikinsu, kuma a lokacin korona su ne ya kamata su koya mana wanke hannu. Wannan ma gaskiya ne, kuma ya kamata ya gyara mana harshe. Amma zaɓin da suka yi alkawari ne mai ɓangare biyu. Mara lafiya ya yarda ya ɗauki aikin asibiti a ɗakinsa bisa sharaɗin cewa ruwa zai zo, nas za ta amsa, gado yana nan in abu ya ɓaci. In ɓangare ɗaya ya janye ya bar ɗayan da kayan, bai kamata a kira wannan girmama 'yancin mutum ba. Girmama ƙwararre shi ne a tambaye shi abin da yake buƙata, a kuma yarda da amsarsa.

Mu Hausawa muna cewa zumunta a ƙafa take, kuma dubiya tana cikin manyan haƙƙoƙin da muke jin mara lafiya yana da su a kanmu. Annoba ta zo da yanayin da ƙafar ce haɗari, har ƙin zuwa ya zama shi ne ƙauna. Wannan ya tilasta mana mu tambayi kanmu: me dubiya take yi tun asali? Tana ganin halin da mutum yake ciki da ido, ba da jin labari ba. Tana kawo abin da ya ƙare. Tana hutar da mai jinya ko da na awa ɗaya ne. Tana kuma gaya wa mara lafiya cewa har yanzu ana lissafi da shi. Ƙafa hanya ce kawai ta kaiwa ga waɗannan. In an ɗaure ta, haƙƙin bai faɗi ba, neman wata hanya ne ya zama wajibi. Abin da ya samu da yawanmu shi ne mun karɓi hanin ziyara a matsayin sallama daga dukkan nauyin, kuma mun ji daɗin cewa sallamar ta zo da hatimin likita.

Abin da mai wankin ciki yake buƙata a irin wannan lokaci ba mai wuyar faɗa ba ne. A ɗauki motar da ke kawo masa ruwa kamar motar asibiti, a bar ta ta wuce shinge. A riga shi kira, kuma a yi tambayar da ba a amsa ta da "da sauƙi": nawa ka auna yau, wane launi ruwan ya fito, leda nawa ta rage, me ka ci jiya? A gaya masa ƙarara cewa ruwa mai gurɓi ba ya jiran safiya, a kuma ware masa ƙofar da zai shiga ba tare da ya bi ta cikin masu tari ba. A koya wa mutum na biyu a gidan yadda ake sauyin tun kafin a buƙace shi. A tambayi mai jinya nata jikin. Maƙwabci ma yana da rabonsa: ya yi cefane ya ajiye a bakin ƙofa, ya tsaya daga nesa a ga fuskar juna. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar gadon asibiti ko injin numfashi.

A ƙasarmu wannan hanya ba ta yaɗu ba. Ruwan daga waje ake shigo da shi, don haka yana da tsada, kuma an fi amfani da ita a asibitocin koyarwa don ceton yaran da ƙodarsu ta tsaya farat ɗaya. Amma ciwon ƙoda ba baƙonmu ba ne, mutanen Gashuwa da kwarin Haɗeja sun fi kowa sani. Cibiyoyin wankin inji a manyan birane suke, kuma akasarin waɗanda suka fara ba sa iya ɗorewa fiye da 'yan watanni saboda kuɗi. Waɗanda suka ga kullen Kano na watan Afrilun 2020 sun san abin da ake nufi da neman hanyar asibiti a garin da aka rufe. Don haka za a ci gaba da kiran a kawo wankin gida, kuma kira ne mai kyau. Abin da ya kamata mu koya daga waɗanda suka riga mu shi ne ba leda da tiyo kaɗai ake sayowa ba. Tare da su akwai nas mai amsa waya da dare, da motar da ba ta fashi, da ruwa mai tsabta, da ɗakin da za a iya rufewa. Wanda ya kawo rabin farko ya bar na biyu, kuɗin gwamnati ya rage, ya ɗora bashin a kan matan gida.

Ko da wankin ciki bai zo unguwarmu ba, irin wannan ɗaki yana nan a kowane layi: tsohuwa mai shanyewar ɓarin jiki, yaro mai sikila, dattijon da ke yi wa kansa allurar sikari, da wadda ke jinyarsu ba a jin muryarta. Masana suna cewa wata annobar za ta sake zuwa, za kuma a sake cewa kowa ya zauna a gida. Za mu bi umarnin, kuma ya kamata mu bi. Amma tun yanzu, da ƙafa take a sake, ya kamata kowa ya san ɗakunan da ke kusa da shi, ya san abin da ke ƙarewa a cikinsu, ya san wa ke ɗauke da su. Ranar da aka rufe hanya ba ranar fara tambaya ba ce.